Lakadan Ko Kati: Yadda A Ke Biyan Cefane A Kudenda

Wanda ya bar tsakiyar garin Kaduna ya bi babbar hanyar nan ta yamma, wadda a ke kira da sunan Nnamdi Azikiwe, ya haye kogi ya nufi kudu, ba zai daɗe ba sai ya iske Kudenda. Unguwa ce ta ma'aikata a ƙasar Chikun, maƙwabciyar Nasarawa da Kakuri. Gwarawa ne masu ƙasar tun asali, amma masana'antu sun jawo mutane daga ko'ina, har ya zama ba yaren da ba a ji a bakin titi. Abincin yawancin mutanen wurin yana rataye ne ga albashi, ko dai nasu, ko na waɗanda su ke sayen hajarsu. A zamanin da masaƙar Kakuri ta ke kan ganiyarta, wadda aka buɗe cikin 1957, ma'aikaci ya kan karɓi albashinsa a hannu, ya ƙirga, ya biya mai hatsi da mai haya tun bai kai gida ba. Yanzu kuwa albashi ba ya zuwa hannu. Banki ya ke shiga, sai waya ta yi ƙara ta ba mutum labari.

To, a nan ne maganar ta ke. Mai daddawa ba ta cin labari, mai Keke Napep kuma sau da yawa ba ya yarda sai ya ga takarda. Don haka kowace kwana a Kudenda za a ga rumfa ko laima da ɗan tebur, da yaro ko yarinya riƙe da na'urar nan da a ke kira POS. Mutum ya miƙa katinsa, a cire daga asusunsa, a ba shi tsabar kuɗi, ya bar la'ada. An zo da kati don ya kori tsabar kuɗi daga kasuwa, sai ga shi abin da ya faru shi ne tsabar kuɗin ta zama haja, ana sayenta kamar yadda a ke sayen gishiri.

Kafin a yi nisa, ya kamata malamai da 'yan kasuwa su rarrabe abu biyu waɗanda jama'a su ke haɗawa su kira katin banki. Na farko shi ne katin ajiya, watau wanda ba ya ba mutum sai abin da ya riga ya ajiye; in asusu ya ƙare, kati ya zama roba. Irinsa ne ya cika aljihuna a Kudenda, ko Verve na gida wanda kamfanin Interswitch ya fitar cikin 2009, ko Visa, ko Mastercard. Na biyu shi ne katin bashi. Shi wannan, banki ne ya ke biya wa mutum daga kuɗin bankin, sa'an nan ya biyo shi bashi. A fuska kamarsu ɗaya, na'ura ɗaya ce kuma ta ke karɓarsu, amma a hukunci tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki. Katin bashi bai yawaita a Nijeriya ba. Binciken da Bankin Duniya ya yi cikin 2021 ya nuna masu riƙe da shi ba su kai mutum 3 cikin ɗari na manya ba. Duk da haka ba abin rainawa ba ne, gama bankuna suna tallarsa ga masu albashi, cikin 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar CREDICORP musamman don yaɗa sayayya bisa bashi.

Asalin katin bashi daga Amurka ya ke. Cikin 1950 wani ɗan kasuwa mai suna Frank McNamara ya kafa Diners Club a birnin New York, don attajirai su ci abinci a gidajen abinci su biya a ƙarshen wata. Cikin 1958 Bank of America ya rarraba nasa katin ga mutanen garin Fresno, shi ne wanda aka sake wa suna Visa cikin 1976. Ingila ta sami Barclaycard cikin 1966. Tun daga nan abin ya bazu har ya shiga sayen burodi da man mota. Cikin 2023 bashin da Amurkawa su ka ci da kati ya haura dala tiriliyan 1, ruwan da a ke ɗora masa kuwa ya wuce kashi 20 cikin ɗari a shekara.

Ga yadda dabarar ta ke. Banki ya kan yanka wa mutum iyaka, ya ce ci bashi har kaza. A ƙarshen wata ya aiko da lissafi. In mutum ya biya duka cikin wa'adin da aka ɗibar masa, ba ruwa a kansa. In ya kasa, sai a ce masa kada ya damu, ya kawo ɗan kaɗan, saura kuma ya yi ta haihuwa. A ɗauka, a misali, ruwan kashi 3 ne cikin ɗari a wata. Wanda a ke bi naira 100,000, in ya shekara bai rage kome ba, zai tarar ana binsa fiye da naira 142,000, domin ruwan ma ana ɗora masa ruwa. Shinkafar da aka saya kuwa tuni an cinye ta. Akwai kuma wata illa wadda ba ta cikin lissafin banki. Waɗansu masana biyu na jami'ar MIT, Prelec da Simester, sun buga sakamakon wata jarrabawa cikin 2001, inda aka yi gwanjon tikitin kallon wasa. Waɗanda aka ce su biya da kati sun taya kusan ninki biyu na abin da masu biya lakadan su ka taya. Ba abin mamaki ba ne. Wanda ya ke zaro takarda yana ganin damin yana raguwa, hannunsa ya kan yi nauyi, mai kati kuwa lamba huɗu kawai ya ke dannawa.

Malaman Musulunci ba su yi shiru a kan wannan ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 12 a birnin Riyad cikin shekarar 2000, ta yanke cewa katin bashin da aka sharɗanta ruwa cikinsa bai halatta a fitar da shi ko a yi ma'amala da shi ba, ko da mai karɓa ya ƙudurta zai riƙa biya kafin wa'adi ya cika. Dalili kuwa, ya riga ya sa hannu ga sharaɗin, ba wanda ya san abin da gobe za ta haifa. In babu sharaɗin ruwa, majalisar ta halatta, ta kuma yarda banki ya karɓi ladan hidima tsayayye wanda ba ya bin yawan bashi ko tsawon ajali. Bisa irin wannan hanya bankunan da ba sa ruwa su ke tafiya, kamar Jaiz, wanda ya fara aiki cikin 2012 da rassa uku, ɗaya daga cikinsu a Kaduna.

Amma fa kada a ce mutanen Kudenda ba su san sayen cefane bisa bashi ba sai da Bature ya kawo roba. Katin bashinsu na gaskiya shi ne littafin mai kanti. Kusan kowane mai tireda da mai awo yana da wani tsohon littafi na 'yan makaranta, gefensa ya yi baƙi da manja, inda ya ke rubuta gidan wane mudu biyu, gidan wance sabulu da magi, har ran da aka yi albashi. Ba a cika fom, ba a neman jingina, ba a ɗora ruwa. Jinginar ita ce mutunci, da sanin cewa gobe ma za a haɗu a masallaci ko a coci ko wurin suna. Tsohuwar hanya ce ta kasuwancin Hausa. Haka fataken goro su ka yi ta yi tsakanin Kano da Gwanja, haka kuma a Sabo ta Ibadan maigida ya kan tsaya lamuni tsakanin mai shanu da mahauci, a yanka yau a biya bayan kwanaki. Mai kanti ya san wanda aka sallama daga aiki, ya san wanda matarsa ta haihu, ya kan ɗaga ƙafa. Na'ura ba ta san wannan ba.

Sai dai nauyin wannan alheri a wuyan mai kanti ya ke. A shekarar 2024, sa'ad da tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari, wanda ya ba da mudun shinkafa bashi a farkon wata ya kan karɓi kuɗin da ba za su mayar masa da mudun ba a ƙarshensa. Ga kuma masu tashi da dare su bar unguwa da bashi. Da yawa ba sa rubuta ajali, ba sa kafa shaida, alhali kuwa aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Shi ya sa a kan ga allo a ƙofar shago an rubuta ba bashi yau sai gobe, littafin kuwa yana nan a ƙarƙashin tebur.

Ita tsabar kuɗi kuma, wadda a ke gani kamar ba ta da aibi, tana da nata tarihin na juye-juye. Da wuri aka saba. Sa'ad da Barth ya zo Kano cikin 1851 ya tarar ana canjin riyal ɗaya ta azurfa da wuri 2,500, attajirai suna lissafi da keso, watau wuri 20,000. Turawa su ka zo da sule da sisi da taro da kwabo mai huda, aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma cikin 1912. Mutane sun daɗe ba su amince da takarda ba, sai azurfa, a tukunya, a ƙarƙashin ƙasa. An ruwaito cewa da aka buɗe banki a Kano cikin 1929, Alhaji Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar azurfa kayan raƙumi 20. Babban Bankin Nijeriya ya fara fitar da nasa kuɗi cikin 1959, naira da kwabo su ka maye gurbin fam da sule ran 1 ga Janairu 1973. Dattawa kuma ba su manta da watan Afrilu na 1984 ba, lokacin da Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sauya launin kuɗi, ta rufe iyakoki, ta ba da 'yan kwanaki; wanda ya makara, dukiyarsa ta zama takardar ƙunshe ƙosai. Wannan banda gara da ɓera da ɗan fashi da jabu, da gobara irin wadda ta cinye kasuwar Sabon Gari ta Kano cikin 2016.

Gwamnati ta daɗe tana son rage yawon tsabar kuɗi. Ta soma shirin a Ikko cikin 2012, ya game ƙasa cikin 2014, amma kasuwa ba ta kula ba sosai. Ran 26 ga Oktoba 2022 sai Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya yi shelar za a sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Ya ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna waje da bankuna. Sababbin takardu su ka fito ran 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ran 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Jama'a su ka kwashi tsofaffi su ka kai banki, su ka koma neman sababbi, babu.

Abin da ya biyo baya, wanda ya gani ba ya bukatar a ba shi labari. Mutane su ka riƙa yin asubanci a bakin ATM su wuni a layi, su dawo da naira 2,000 ko hannu wofi. Magidanci yana da dubbai a asusu, gidansa ba a ɗora tukunya ba. Manoman da su ka kawo tumatir da doya daga ƙauyukan Chikun ba su da asusu balle waya mai karɓar saƙo, sai su karyar da kaya ga duk wanda ya nuna takarda, ko su zuba ido kayan gwari su ruɓe. Wurin masu POS kuwa, naira 10,000 ta kai ana barin 1,000 ko 2,000 kafin a same ta, wani wuri ma fiye. Turawa ta waya, wadda aka ce ita ce mafita, ta cushe don yawan masu bi. A Ibadan da Benin har aka fasa bankuna. Jihar Kaduna tana cikin jihohi uku na farko, tare da Kogi da Zamfara, da su ka kai Gwamnatin Tarayya ƙara Kotun Ƙoli. Ran 16 ga Fabrairu Gwamnan jihar na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya yi wa jama'a jawabi ya ce tsofaffin takardu suna nan da ƙarfinsu a Kaduna. Ran 3 ga Maris kotu ta yanke a ci gaba da karɓarsu har ƙarshen shekara, cikin Nuwamba kuma ta ɗage wa'adin ba tare da ta sa rana ba.

Wannan wahala ta koya wa kasuwa abin da shekara goma ta wa'azin banki ba ta koya mata ba. Tun daga lokacin mai nama da mai shayi da mai kayan miya su ka buɗe asusu a OPay ko Moniepoint ko PalmPay, su ka liƙa lambar a jikin rumfa. An huta da rigimar canji, wadda a da ta kan sa a ba mutum alewa maimakon naira 20. Amma kowace ƙofa da mai gadinta. Dokar kuɗi ta 2020 ta ɗora harajin naira 50 a kan turawar da ta kai naira 10,000, cikin Disamba 2024 aka shigar da waɗannan kamfanoni na waya ciki. Daga 1 ga Maris 2025 kuma Babban Banki ya sa naira 100 a kan kowace 20,000 da mutum ya cire a ATM ɗin bankin da ba nasa ba.

A duba lissafin ƙaramin ma'aikaci. Mafi ƙarancin albashi bisa dokar 2024 naira 70,000 ne. A ce yana cirewa 5,000 5,000 wurin mai POS, yana barin 100 kowane zuwa. Kafin albashin ya ƙare ya je sau 14, ya bar 1,400, watau kashi 2 cikin ɗari. A shekara 16,800. Malamai sun san zakkar kuɗi kashi 2 da rabi ce, sau ɗaya a shekara, ga wanda ya mallaki nisabi. Wannan bawan Allah bai mallaki nisabi ba, ga shi yana fitar da kusan haka kowane wata. Wanda ya fi shi talauci, mai cire 2,000 ya bar 100, kashi 5 ya ke biya. Attajiri mai tura miliyan kuwa abin da a ke cire masa bai kai a ambata ba. Nauyin duka a kan mai ƙaramin cefane ya ke sauka.

Game da la'adar mai POS malamai sun yi magana biyu. Waɗansu sun ce naira ce a ke sayarwa da naira tare da fifiko, alhali sharaɗin canjin jinsi ɗaya, kamar yadda ɗalibai su ke karantawa a babin ciniki na Risala, shi ne daidai wa daida, hannu da hannu. Waɗansu sun ce ba ciniki ba ne, ijara ce: yaron ya je banki ya yi layi, ya biya hayar rumfa, ya sayi na'ura, ya ɗauki kasadar ɓarayi, abin da ya karɓa ladan wahalarsa ne. Magana ta biyu tana da ƙarfi muddin ladan yana bin wahala. Amma a Fabrairun 2023 wahalar ba ta ninka goma ba, ƙuncin mutane ne ya ninka, wanda ya karɓi 2,000 a kan 10,000 a lokacin da wuya ya ce ladan tafiya ya karɓa. Su ma masu POS suna da nasu uzurin, gama da yawansu sayen takardun su ka yi da tsada daga gidajen mai da manyan 'yan kasuwa.

Inda kati da turawa su ka yi wa lakadan fintinkau shi ne kan hanya. Magabata sun san abin da a ke kira suftaja, watau mutum ya ba da kuɗi a wani gari ya karɓi takarda, ya je ya amsa a wani gari. Malikawa sun ƙi ta don tsoron bashin da ya jawo amfani, amma Muhtasar na Halil ya togace lokacin da tsoro ya game hanyoyi. Wanda ya san abin da matafiya su ka gani a hanyar Birnin Gwari da ta Abuja, har da harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, ba zai ce wa falke ya ɗaura miliyoyi a ƙugu ya tafi sarin hatsi ba.

A bakin rumfa kuwa wata fitina ce ta ke jiran mai sayarwa, ita ce ta tabbatar da an biya. Da takarda, in ta shiga hannu magana ta ƙare. Da waya, mai saye ya kan nuna an cire masa, mai sayarwa ya ce bai gani ba, a tsaya ana jiran sabis, nama yana hannun wannan, kuɗi ba sa hannun kowa. Wani lokaci sai bayan kwanaki a mayar wa mai su. 'Yan damfara kuma sun ƙware wajen aika alat na ƙarya mai kama da na banki. Ƙwararrun 'yan kasuwa ba sa sakin kaya don ganin wayar mai saye, sai sun buɗe nasu asusun sun ga kuɗin sun zauna, ba sa kuma ba kowa lambar sirri, ko da ya ce daga banki ya ke kira.

Wannan dubawa tana bukatar karatu, a nan kuma akwai abin da ya shafi masu karatun allo musamman. Takardar kuɗi ta daɗe tana magana da su. Tun zamanin fam a kan rubuta darajarta da ajami, don tsohon da bai shiga boko ba ya karanta da kansa. Cikin 2007 aka cire ajamin daga naira 5 da 10 da 20 da 50, aka sa Hausa da Yarbanci da Ibo da haruffan boko. Cikin 2014 aka fitar da sabuwar naira 100 ita ma babu shi. Ya saura a kan 200 da 500 da 1,000, har cikin waɗanda aka sake wa fasali a 2022. Saƙon banki kuwa da rasit ɗin POS da Turanci su ke zuwa, da haruffan boko. Malamin da ya sauke Alƙur'ani ya haddace Risala, in an turo masa sadaka ko kuɗin hatsin da ya sayar, sau da yawa sai ya miƙa wayar ga jikansa ko ga yaron rumfa, ya tambaye shi nawa ne su ka shigo.